Zazzaɓin Motar Suruki

Akwai wani mai aski da mutanen layinsu suka daɗe da manta sunansa na yanka, kowa Nasani yake ce masa. Dalili kuwa, ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana cewa, "Jiya na ji a rediyo wai...", zai ɗaga almakashi ya ce, "Na sani!" Ko mafarkin da ka yi ne kake ba da labari, ya riga ka saninsa. Aski dai ya iya, wannan ba a ƙwace masa ba, hannunsa da laushi, rezarsa ba ta cizo. Matsalar ita ce askin ya raina. A ganinsa, ƙwaƙwalwa irin tasa asara ce a bar ta tana share gashi a ƙasa.

Wata rana wani baƙo ya shigo aski, ya ajiye wata 'yar na'ura a kan teburin madubi, girmanta bai wuce tafin hannu ba, da igiya a gindinta. Nasani ya yi ta satar kallonta har ya kusa haɗawa da girar mutumin.

"Maigida, wannan fa?"

Baƙon ya ce, "Ta duba mota ce. In fitilar gargaɗi ta kama a allon gaban direba, sai a soka wannan a ƙarƙashin sitiyari, ta fito maka da lambar matsalar. Wannan maɓallin na karantawa ne, wannan kuma na gogewa. To amma kafin ka goge, dole sai ka fara..."

"Na sani!"

Baƙon ya haɗiye sauran maganarsa, ya sa hularsa ya yi gaba. Kafin sati ya zagayo Nasani ya sayo tasa, ya shigo da ita gida a ƙirji kamar jaririyar da aka haifa yau.

Matarsa tana tsakar gida tana shanya, ta dube shi ta dubi abin. "Maigida, rediyo ka sayo mana?"

"Rediyo! Maman yara, wannan asibiti ce guda a cikin aljihu. Daga yau mijinki likitan mota ne."

"Kai da ko keke ba ka da shi?"

"Likitan haihuwa haihuwa yake yi?"

Ta matse zanen da ke hannunta ta ce, "Allah ya ba marasa lafiya haƙuri."

Wadda ta fara faɗawa hannunsa wata malamar makaranta ce da ke ajiye motarta a gefen shagon. Ranar ta fito tana ƙorafi, wai tun da ta sha mai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, mai siffar inji, ta ƙi mutuwa. Lokacin Nasani yana tsakiyar aske Tela, maƙwabcinsa, ya gama gefe ɗaya ke nan. Ya yar da kilifa ya fita a guje.

"Malama, kada ki kai ta ko'ina! Buɗe mini ƙofa."

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya lalubo ramin ya soka. Na'ura ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta rubuta P0457. Nasani ya tashi zaune ya riƙe baki.

"Inna lillahi! Malama, da wannan kike yawo a gari?"

"Mene ne?"

"Hawan jini. Ɗari huɗu da hamsin da bakwai! Mutum ya kai ɗari biyu ma kwantar da shi ake yi."

Malama ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana kara kunne a jikinta, don 'yan kallo su san aiki ake. Da ya zo wajen tankin mai ya ga murfin a karkace, sai ya murɗa shi ya rufe gam, ba don komai ba sai don shi mutum ne mai son tsari. Ya koma ya danna maɓallin gogewa. Fitila ta mutu ɗif. Ya sake karantawa, babu lamba ko ɗaya.

"Ya sauka," in ji shi, yana share gumin da babu. "Sifili. A riƙa barinta tana hutawa."

To, abin da bai sani ba, duk kukan da motar take yi a kan murfin nan ne, ba a ɗaure shi da kyau ba a gidan mai. Tunda ya ɗaure, fitila ba ta ƙara dawowa ba. Sa'a, in ji masu magana, ta fi manyan kaya. Malama ta kai labari makaranta, daga makaranta ya shiga kasuwa. Tela kuwa, da ya gaji da zama, da kansa ya ɗora hula a kan rabin aski ya koma shagonsa yana mita.

Daga ranar shagon aski ya koma aji. Duk wanda ya zauna a kujera, da ƙyalle ɗaure a wuya ba damar gudu, sai ya sha darasi.

"In ka ga 'yar buta ta kama, motar ƙishirwa take ji. In ka ga tukunya da ludayi tsaye a cikinta, yunwa ce. In kuwa ka ga mutum zaune da takobi rataye a kafaɗa, akwai 'yan fashi a hanya, ka juya."

Wani ya ce, "Ni fa na ji an ce wannan bel ne ba a ɗaura ba."

"Sunkuyar da kai," in ji Nasani, ya danna masa ƙeya.

Na biyu shi ne Mai Burodi, da tsohuwar motar da yake rarraba burodi a shaguna. Ita tata fitilar ba tsayawa ta yi ba, ƙiftawa take yi, motar kuma tana karkarwa kamar mai jin sanyi. Na'ura ta ce P0300.

Nasani ya yi dariya. "Ɗari uku kacal! Ta Malama ta fi taka da ɗari da hamsin har da ɗoriya, ga ta can tana yawonta." Ya danna gogewa. Fitila ta mutu.

Mai Burodi ya ce, "To ai ba ta daina rawa ba."

"Kai in an sallame ka daga asibiti ba ka rawa? Murna ce."

Duk abin nan a kan idon Bakanike, wanda garejinsa ke tsallaken titi. Shi da Nasani tare suka taso, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya tsallako yana goge hannu da tsumma.

"Nasani, me ka gyara a motar nan?"

"Na sauke mata jini."

"Wane jini? Lambar nan ba awo ba ce, suna ce. Kamar lambar gida take. Mai gida lamba ɗari huɗu ya fi mai lamba ɗari uku ciwo ne? Ita na'urar nuna maka ƙofa take yi, ta ce shiga nan ka duba. Wannan lambar cewa take injin yana tsallake wuta, ko filogi ko wani abin. Ba ka ji yadda take tari ba? Fitilar inji in tana ƙiftawa ba a wasa da ita."

"Fitilar tana ina yanzu?"

"Ka goge ta."

"To!"

"To me? Ɗanka ya zo yana kuka ka toshe masa baki, ka ce ya warke?"

Nasani ya juya ga 'yan kallo ya buɗe hannu. "Jama'a kun ji ko? Shekara da shekaru yana kwance muku inji, yana wanka da baƙin mai, ni na zo da yatsa ɗaya. Hassada ga mai rabo taki ce."

"Takin zai yi maka yawa," in ji Bakanike, ya koma garejinsa.

Washegari da sassafe sai ga Mai Burodi, fitila ta dawo tana ƙifce. Nasani ko a jikinsa. Ya ce wane magani ne ake sha sau ɗaya, ya ba ta na biyu. Haka aka shiga yi, kullum da safe Mai Burodi ya biyo a danna masa kafin ya fara rabo. Motar ta fara zuƙar mai kamar raƙumi, salansarta tana fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta zo hawa sai masu tafiya a ƙasa su wuce ta suna yi mata sannu. Nasani ya ce cutar ce ke fita.

Ganin kasuwa ta buɗe, sai ya yanke shawarar da ta fi kowace girma. Ya sauke allon shagonsa mai hoton kawuna, ya sa aka rubuta sabo da manyan baƙaƙe: ASIBITIN MOTA NA ZAMANI, BA KWANCEWA, BA ƁATA HANNU. Ya tura kujerar aski lungu. Ya aro kujerun roba da lasifika, ya bi shago-shago yana gayyata, za a yi taron buɗewa. Babban baƙo kuwa surukinsa ne.

Surukin nan dattijo ne mai sanyin magana, ya yi ritaya, kuma yana da wata farar mota da ya fi kula da ita fiye da idonsa. Kullum da safe da kansa yake goge ta. Jikoki ba sa shiga sai sun karkaɗe takalma.

Da matar Nasani ta ji, sai ta ajiye tsintsiya. "Maigida, ka yi wa Allah ka bar motar Baba. Ka taɓa ta kowa, ban da wannan. Kuma ranar ce Inna za ta dawo daga tafiya, shi zai ɗauko ta a tasha. Ka san Inna."

Ya san Inna. Duk duniya ita kaɗai ce in tana magana yake bari ta kai ƙarshe. Amma ya daure ya ce, "Ba abin da zan yi mata. Nuna wa jama'a kawai zan yi yadda lafiyayyar mota take."

Ranar taro layi ya cika. Nasani ya sa wata doguwar farar riga ta likitoci da ya matsa wa Tela ya ɗinka masa, ita kuma Tela, ko don ramuwa, ya yi hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Rana ta take sosai lokacin da farar mota ta shigo layin a hankali. Nasani ya ruga ya buɗe ƙofa ya durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Dattijo ya ce, "Lafiya lau, sai dai gara da na zo. Yanzun nan a kan kwana wata jar fitila ta kama, ban taɓa ganinta ba. Na ce bari in lallaɓa in ƙaraso, tunda ga likita a gida."

Abin nema ya samu. Nasani ya leƙa, ya ga wata jar alama, tsinke mai ƙwallo a gindi, tsaye a kan igiyar ruwa. Ya ɗauki lasifika.

"Jama'a! Allah ya kawo mana mara lafiya har gida! Baba, a bar ta a kunne, kada a kashe. Yanzu za ku ga aiki da cikawa."

Ya soka na'ura, ya danna gogewa, ya ɗago yana murmushi. Jar fitila tana nan. Ya sake dannawa. Tana nan, ta zuba masa ido. Ya zare igiya ya hura ramin ya mayar, ya danna da babban yatsa har farcensa ya yi fari. Ko gezau.

Daga cikin taro Tela ya ɗaga murya. "Likita, ko allurar ta lanƙwashe ne?"

Aka yi dariya. Gumi ya fara bin bayan Nasani. Malama, wadda ke zaune a sahun gaba a matsayin shaida, ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan ai kamar ma'aunin zafi ne, irin wanda ake sa wa yara a hammata."

"Na sani!" in ji Nasani, kamar an jefa wa mai nutsewa igiya. Ya koma kan lasifika. "Zazzaɓi ne, jama'a! Shi ya sa ta ƙi jin magani. To ku gaya mini, mai zazzaɓi me ake yi masa?"

Wata tsohuwa ta ce, "A lulluɓe shi ya yi gumi."

"Allah ya yi miki albarka, Iya!"

Ya faɗa shago ya kwaso duk ƙyallayen aski da tawul-tawul, ya shimfiɗa su a kan bonet, ya toshe har hancin motar inda iska ke shiga. Surukin ya gyara tsayuwa.

"Yaro, anya kuwa?"

"Baba, a zauna a huta. Gumi ɗaya za ta yi."

Ya shiga ya zauna ya taka totur. Injin ya yi gurnani. Ya ƙara takawa. Wani wari ya fara tashi, kamar an manta tukunya a kan wuta. Matarsa tana daga bakin shago tana yi masa alama da hannu biyu, shi kuwa ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga mata hannu.

Ana cikin haka sai aka ji hayaniya daga bakin layi. Motar Mai Burodi ce tafe, ba da injinta ba, da ƙarfin wasu ƙarti da ke tura ta, burodi cike a bayanta ko ɗaya ba a raba ba. Mai Burodi yana gaba yana jan sitiyari ta taga, yana ihu.

"Ina likitan? Ina yake? Ta mutu a tsakiyar titi! Fito ka danna mata in gani!"

Nasani ya leƙo da kai. "Layi ake bi! Ba ka ga ina da mara lafiya a hannu ba?"

Bakanike, wanda ya rantse ba zai halarci taron ba, yana ƙarƙashin wata mota a garejinsa warin ya iske shi. Ya fito ya hango farar mota a lulluɓe tana kururuwa. Ya yar da sifana ya tsallako titi da gudu.

"Kashe! Nasani, kashe ta!"

"Ga ɗan baƙin ciki nan ya..."

Bai ƙarasa ba aka ji fuuum! Tiyon lagireto ya fashe. Farin tururi ya yi sama da tawul-tawul, ƙyallen aski ɗaya ya tashi ya sauka a kan hular suruki. Taro ya watse. Kujerun roba suka yi ta kifewa, tsohuwar da ta ba da shawara ta riga kowa kaiwa bakin titi, lasifika ta faɗi tana ta ƙara ita kaɗai. Ƙartin da ke tura motar burodi suka saki suka arce, motar ta gangaro a hankali, cikin natsuwa, ta zo ta daki ƙafar sabon allon. ASIBITIN MOTA NA ZAMANI ya yi tangal-tangal ya kwanta a ƙasa, ƙofar baya ta buɗe, burodi ya bi shi.

Bakanike ya zura hannu ta taga ya murɗe makulli. Wuri ya yi tsit, sai tsss ɗin ruwan zafi da ke zuba a ƙasa.

Nasani ya fito daga cikin tururi, farar riga ta manne masa a jiki. Ya nufi bonet zai buɗe murfin lagireto, Bakanike ya buge masa hannu.

"Taɓa ka ga yadda ake saɓule fata! Bari ta huce." Ya juya ga dattijo ya rage murya. "Baba, sannu. Ruwanta ne ya yi ƙasa, da alama tiyon ya daɗe yana yoyo. Ita fitila ruwan ɗorawa cewa take a je a duba ni. Ja kuwa, in ta zafi ce ko ta baƙin mai, ba ta da wata magana sai a tsaya a kashe inji nan take. Da an kashe ta tun a kwana, tiyo kawai za a sake. Yanzu sai ta huce na buɗe na ga ko injin ya tsira."

Dattijo ya sa hannu ya cire ƙyallen daga kan hularsa, ya ninke shi da kyau, ya miƙa wa 'yarsa. Bai ɗaga murya ba. Wannan natsuwar ta fi damun Nasani fiye da ihun Mai Burodi, wanda ke tsugune yana tsince kayansa yana lissafa masa zunubansa tun daga ranar farko.

Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa dama shi ya faɗa. Nasani ya duba hagu, ya duba dama, ba mafita. Sai ya sunkuya ya leƙa allon gaban direba. Makulli a kashe, allo baƙi ƙirin. Fuskarsa ta ɗan washe.

"Baba, amma dai a duba. A faɗi gaskiya saboda Allah. Fitilar ba ta mutu ba?"

Dattijo ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Ta mutu, yaro. Allah ya ji ƙanta, ita da motar." Ya dubi agogonsa. "Yanzu saura wanda zai kai wa surukarka labarin rasuwa. Tana tasha tana jira, a cikin ranar nan, kuma ka san ba ta tafiya da ƙaramin akwati. Ni ƙafata ba za ta kai can ba. Tunda kai ne likitan da aka yi a hannunsa, kai za ka yi bayani."

Nan ido ya raina fata. "Baba, ko Bakanike ya je, shi da ya fi iya bayanin inji..."

"Ni ɗan baƙin ciki?" in ji Bakanike. "Ina ni ina zuwa tarbar manya."

Tela ya ce ya je da farar rigar, za ta fi ganin girmansa. Malama ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi. Mai Burodi ya ce in ya dawo da rai yana nan yana jiransa.

Matarsa ce ta matso. Ta naɗe ƙyallen askin nan ta yi gammo, ta ɗora masa a ka, ta gyara masa zamansa da hannu biyu kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Ta zare na'urar daga aljihunsa ta sa a nata.

"Maigida, Allah ya kiyaye hanya," in ji ta. "In ka isa ka ga idon Inna ruwan ɗorawa, ka lallaɓa. In kuwa ka ga ya yi ja, kada ka danna komai. Ka tsaya cak, ka kashe inji."